Hular Kwano a Ƙeya

Shekarun baya, lokacin ƙuruciya na kaina, ni da abokina muka tsinto takalman taya a gwanjon Maraɗi, irin masu tayoyi a jere layi ɗaya. Duk Madarumfa mu biyu ne mahaukatan. Bayan la'asar mu hau kwalta, ya faɗi in ƙyalƙyale da dariya, in faɗi ya rama. Ƙafarmu ba ta gama zama ba ya bi kawunsa Legas, ya bar ni ni kaɗai a hanya.

Ran nan mahaifiyata ta tare ni a zaure.

"Da kuna ku biyu na yi shiru," in ji ta. "Yanzu in ka hwaɗi, wa za ya ɗauke ka? Ko ka sawo kaski, ko in jefa takalman nan cikin tabki."

Na san za ta aika, kuma takalman su kaɗai suka rage mini daga abokina. Sai na nufi Maraɗi neman hular kwano.

Na bar manyan na 'yan kabu-kabu saboda nauyi, na koma kan marasa nauyi masu ƙofofin iska. Amma zaɓen hular Sallah na yi. Na ɗauki wadda ta ɗan fi kaina girma, na tura ta ƙeya, goshi a buɗe, yadda muke ɗora hula tun muna yara. Na waiwaya in ce "Ta yi?" kamar yadda na saba, ban ga kowa a bayana ba. Mai shago ne ya amsa.

"Samari, kamar don kai anka yi ta."

Haka zai faɗa ko tukunya na kifa.

Ba a daɗe ba, a hanyar Safo, tsakuwa ta maƙale mini a taya. Da goshi na sauka. Hular kuwa lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Na zauna bakin kwalta jini na bin girata, na kama kaina ina sauraron dariya. Ba abin da na ji sai ƙarar amalanken jaki can nesa. Wallahi shirun nan ya fi mini ciwon zafi.

Mahaifiyata ba ta yi faɗa ba. Ta wanke mini ciwon, ta ɗora mini hular, ta ja ta ƙasa har kusa da gira, ta girgiza kaina. Hula ta yi lilo.

"Ta yi maka yawa, ɗan nan. Koma ka samo daidai kanka."

Na samo ƙarama mai kama kai, mai igiya a haɓa, ban ƙara fasa goshi ba.

Abin da na gane shi ne, kayan da za su tsare ka suna son idon wanda ba ya jin kunyar ce maka ba su yi ba. Abokina bai dawo ba, tabon kuma yana nan. Har yau in na ɗaura igiyar sai na waiwaya, sannan in sa hannu in ja hular ƙasa da kaina.