Zuwa Song Neman Ɗan Akuya Mai Ranar Haihuwa

Rumde

Ba a kira assalatu ba mahaifiyata Dada ta buga mini ƙofa, wai in tashi kar in sa Hamidu jira. Hamidu ɗan Kawuna ne, taubashina, kuma sa'ana. Tare muka gudo Yola shekarar da aka watsa garinmu can ta wajen Mubi. Shi ya riƙe makaranta, yanzu digiri na biyu yake yi. Ni daga aji uku na sakandare na ajiye, ƙafata ba ta zama. Na ja keke, na sayar da caja, na yi lodin yashi a bakin Binuwai.

Ga abin da ya tada tafiyar. Karatun Hamidu a kan tumbin tumaki da awaki ne. Ya gama da tumaki, saura ɗan akuya mai sati shida wanda aka san ranar haihuwarsa, a yanka ya ɗebi tumbin. Malaminsa ya ce in bai kawo satin nan ba, sai baɗi. Ni kuma akuya ɗaya gare ni a duniya, tana kiwo a gidan Kawu a Bako, jikar wadda na jawo da igiya ranar gudu. Ranar da ta haihu na ɗora hoton ɗan a waya, don a san ni ma ina da abu. Hamidu ya gani, ya ƙirga, sati shida cif. Na ce ba mai yanka mini shi, sai dai mu je kasuwar Song mu nemo wani.

Tashar Jimeta da gada

Mun sami ƙaramar mota saura mutum biyu. Direban, Oga Bitrus, mutumin Numan, da ya ga tabarau da jakar Hamidu sai ya buɗe masa gaba.

"Dakta, shiga nan, iska yana da kyau."

"Ba dakta ba ne fa," na ce.

"Zai zama," in ji shi. Ya tura ni baya, ya ɗora mini tulun ƙarfen Hamidu tsakanin gwiwoyi. Wani ruwa ne a ciki mai sanyin da ya fi ƙanƙara, a nan ake jefa naman don kar ya canja.

A shingen bakin gada soja ya leƙo, idonsa ya sauka kan tulun. Ya ce in buɗe. Ina ɗaga murfi farin hayaƙi ya zubo, matar da ke gefena ta fara salati, sojan ya ja baya ya gyara bindiga. Mu da muka ga abin da muka gani a garin nan, ba a wasa da tulu mai hayaƙi. Hamidu ya fito a natse, ya miƙa katin makaranta, ya yi Turanci kaɗan. Sai ga soja yana dariya har da sara masa.

"Wannan kuma fa?" Ya nuna ni da baki.

"Ɗan mace ne, bawana," in ji Hamidu.

Duk motar aka yi dariya. Wasan taubasai ne, tun muna yara yake faɗa. Amma ranar nan, da tulu a cinyata, bai yi mini kama da wasa ba.

Girei zuwa Song

Bayan Girei hanya ta miƙe, Oga Bitrus ya ce sai an gaya masa me ake nema a cikin tumbi ban da farfesu. Hamidu ya juyo ya fara. Wai ɗan akuya in an haife shi tumbinsa ɗan ƙarami ne, ba ya aikin komai, nono wucewa yake yi ta gefe zuwa cikin ƙarshe. Sai ya fara tsinkar ciyawa, wasu ƙwayoyin gado da ke barci a bangon tumbin su farka, wasu kuma su kwanta. Su ne ke sa bangon ya yi kauri ya fito da tsiro irin na tawul. Shi so yake ya san waɗanne ne ke farkawa, a wane sati, kuma ko na tunkiya da na akuya tare suke tashi. In an sani, wai za a san lokacin yaye da ba zai kashe ƙanana ba.

"Allah ya yi wa uwarka albarka," in ji matar nan mai salati. Ta ciro gyaɗa ta miƙa gaba, ta saman kaina.

Ni taga nake kallo. Hanyar nan ce muka biyo da ƙafa, shi yana rungume da jakar littattafai, ni ina jan akuya tana tirjewa. Har yau in Kawu na ba da labarin gudun, jakar yake ambata.

Kasuwar Song

Mun sauka hantsi ya ɗaga. Muka ci waina da miyar taushe a tsaye, muka shiga wajen awaki. Ƙanana kam ga su nan, amma tambaya ɗaya ta kashe mu.

"Baba, yaushe aka haifi wannan?"

"Bayan ruwan farko."

"Wace rana?"

Tsohon ya dubi Hamidu sama da ƙasa. "Ɗan sarki ne da za a riƙe masa rana?"

Wani ya ce ranar da surukarsa ta zo. Aka ce yaushe ta zo, ya ce ai ta daɗe. Sai wani dillali ya ji abin da muke nema, nan take duk awakinsa suka zama 'yan sati shida, har da wani mai ƙaho da gemu. Na kama wani baƙi na ce wannan ya yi, ko makaho ya shafa ya san sati shida ne.

"Buba, in na sa na ƙarya, duk aikin ya zama ƙarya."

"Wa zai sani? Tumbi yana magana ne?"

"Ni zan sani, bawa."

Muka zaga har azahar. Ban taɓa yi wa wani aiki da zuciya ɗaya irin na ranar nan ba, kuma ba don shi na yi ba. Ba mu samu ba.

Yola Gari zuwa Bako

Muka juyo gida. Daga Jimeta muka hau keke zuwa Yola Gari, muka sake wani a bakin kasuwa, la'asar muna Bako. Kawu na zaune kan buzu a ƙofar garke. Ɗan akuyata na gefensa, ja mai farin goshi, yana wasa da ganyen wake.

Na gaishe shi na ce, "Kawu, na zo in tafi da shi."

Bai ɗaga murya ba. "Buba, da ka kawo mini kakar uwar wannan, kiwo ka ba ni ko ajiya?"

"Kiwo."

"To mai kiwo yana da rabonsa, haihuwa biyu naka, ta uku tawa. Shekara nawa, ka taɓa ganin na ɗauka? Da ka sayar da sauran ka sayi waya, na yi magana? Yau na ɗauki nawa. Akuyar taka ce, ga ta can."

Kowa a Bako ya san haka ake yi. Hamidu ya sunkuyar da kai ya ce a bari kawai, zai jira baɗi. Kawu ya dube shi irin kallon da ban taɓa samu ba, ya ce a kawo wuƙa.

Ni na riƙe ƙafafun. Ban yarda wani ya riƙe ba. Ana gamawa Hamidu ya sa safar hannu, hannunsa na sauri kamar ba shi ba. Ya buɗe tumbin, bai fi tafin hannuna ba, ya ce in matso. A ciki ga tsiron nan ƙanana sun fara fitowa, wani wuri sun taso, wani wuri sumul.

"Ka gani? Yanzu suke farkawa."

Na gani. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, kyau ya yi mini. Na so in tambaya me ya sa can ya riga nan, bakina ya ƙi. Ya yanki guntaye ya jefa a tulun, hayaƙi ya rufe su. Shi zai karanta abin da ke ciki. Ni aka ƙulle mini naman a leda.

Rumde

Na iso gida ana kiran magariba, lafiya lau, Allah abin godiya. Oga Bitrus ma na gode masa, bai yi gudu da mu ba. Na ajiye ledar gaban Dada na ce ga abin da ya rage. Ta buɗe, ta juya naman, ta ware cinyoyin biyu a kwano ta rufe da faifai.

"Gobe da safe ka kai wa Hamidu," ta ce. "Yaron nan ya sha wahala yau."