Waɗanda Suka Rufe Kabarin Malam Yakubu

Ina cikin layin tasi a filin jirgin LaGuardia na New York, da hantsin Litinin, wayata ta yi ƙara. Limamin masallacinmu na unguwar Highbridge ne. Ya ce, "Sani, Malam Yakubu bakanike lokaci ya yi." Na yi salati, kuma kafin in rufe baki na ji kaina ina tambaya, "Babur ɗin ne?" Liman ya ce a'a, zuciya ce. A garejinsa ya faɗi da sifana a hannu, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Sai ya ɗora mini aiki: in sanar da jama'a, in kuma tara waɗanda za su raka shi makabarta ranar Laraba. Duk wanda na kira a ranar, tambayar da na yi ita ya yi mini.

Malam Yakubu ɗan Zangon Kumasi ne, ni kuma daga Kano na zo, amma bene ɗaya muka zauna shekara da shekaru, ni a sama shi a ƙasa. Yaya nake ce masa. Tun yana yaro a Kumasi ya koyi gyaran babur, da ya zo New York kuma bai ga dalilin sake sana'a ba. Ya kama ɗan gareji a gindin tudun unguwarmu. Mu kuwa da muka baro gida, babur a idonmu abin ɗan acaɓa ne, wanda bai samu mota ba tukuna. Mutum ya tsallako teku ya zo Amurka, sannan a gan shi da hular kwano da rigar fata? "Ɗan acaɓan Amurka" muke ce masa, a gabansa ma. Sai ya yi dariya ya ce, "Ku yi ta zama a gosulo, ni na yi gaba."

Mutum ne mai sauraro. Idan aka kawo masa babur ba ya fara taɓa shi, sai ya ce a tayar, ya sunkuya ya kasa kunne, idonsa a rufe. Ban taɓa ganin ya sauya wa mutum abin da bai lalace ba. Masu kai abinci gida-gida, 'yan Meziko da 'yan Senegal, sukan zo masa da ƙaramin babur da ya mutu ana tsakiyar aiki. Yakan ajiye babban aiki ya duba nasu, ya ce wannan abincin iyalinsa ne ke hucewa. Azahar kuma ba ta wuce shi. Yakan wanke hannu da sabulu har sau ba adadi, amma baƙin mai bai taɓa barin faratansa ba, kuma a haka yake shiga sahu.

Abin da ya ci masa rai a shekarunsa na ƙarshe shi ne sababbin babura. An sa musu kwamfuta a ciki. Fitila za ta kama a gaban mai babur, ciwon a fili yake, amma na'urar da za ta karanta shi ta kuma kashe fitilar tana hannun dilan kamfani kaɗai. Dole mai babur ya koma can, ya jira, ya biya abin da aka yanka masa. Yaya Yakubu yakan ce, "Kunnena yana jin ciwon, hannuna ya san maganin, amma an sa wa maganin kwaɗo." Yakan kuma ce, "Abin da ka saya da guminka, in sai ka nemi izini kafin ka buɗe shi, to haya ka karɓa."

Shi ya sa ya shiga wata ƙungiya ta masu babura. Da ya ji an yi doka a jihar Massachusetts da ta tilasta wa kamfanonin mota buɗe wa ƙananan garejoji bayanan gyara, amma aka bar babura a waje, ya yi kwanaki yana faɗa shi kaɗai. Suna zuwa Albany, fadar gwamnatin jiharmu, su ga 'yan majalisar jiha a kan wannan, da kuma a kan shingayen da 'yan sanda ke kafawa a tsayar da masu babur kaɗai, mota na wucewa. Turancinsa ba mai yawa ba ne, amma yana miƙewa ya yi magana. Yakan tare mu a ƙofar masallaci ya ce, "Ku ma da tasi kuke ci, gobe kanku za ta zo." Mu ce Allah Ya taimaka, kowa ya nemi takalminsa.

Ranar Laraba bayan azahar aka yi masa salla, kuma ba zan yi wa jama'armu ƙarya ba, masallaci ya cika. Amma ana sallamewa wuri ya watse. Makabartar tana can cikin jihar New Jersey, tafiya ce mai nisa, zuwa da dawowa yinin mutum ya tafi. Na tsaya a bakin ƙofa ina kama hannun mutane. Wannan ya ce ya ajiye mota inda za a ba shi tikitin tara, wancan ya ce shif ɗinsa na asibiti ya kusa, wani ya ce zai ɗauko yara daga makaranta. Duk uzuri ne na gaskiya, na sani, ni ma a ƙasar nake. Amma wallahi da muka ƙirga kanmu, ba mu cika mota guda ba, kuma Liman da wani dattijo mai ciwon gwiwa suna cikin lissafin. Da wane hannu za mu ɗauke shi, da wane hannu za mu rufe shi?

A tsallaken titi kuwa babura ne jere har kwanar layi. Masu su suna tsaye, baƙaƙe da farare da 'yan Latino, kowa ya cire hular kwano ya riƙe a ƙirji. Wani mai farin gemu, Ramon, wanda yake shugabantarsu, ya tsallako ya same ni. Ya ce da Turanci, "Mu mutanen Dokta ne. Ba mu san ƙa'idarku ba, ba ma so mu ɓata muku komai. Za ku bari mu bi bayansa?" Dokta suke ce masa. Mu kuwa kun ji abin da muke ce masa. Na kasa haɗa ido da mutumin nan. Na waiwaya ga Liman, ya ce, "Su biyo."

A makabarta mu muka sa shi a kabari da hannunmu, da ƙyar. Da aka zo zuba ƙasa, ma'aikacin wurin ya dube mu, ya nuna katafilar da ke gefe, ya ce in ba mu da mutane zai ƙarasa da ita, ba ya ɗaukar lokaci. Da ladabi ya faɗa, kuma gaskiyarsa ce. Ni dai ji na yi kamar an tuɓe ni a kasuwa. Na ɗauki shebur na fara, ƙasar jiƙaƙƙiya ce mai nauyi, ban yi nisa ba numfashina ya ɗauke. Sai Ramon ya cire rigar fatarsa ya ajiye a kan ciyawa, ya dubi Liman. Liman ya gyaɗa kai. Suka yi layi, wannan ya zuba ya miƙa wa na bayansa, har kabarin ya tashi. Da Liman ya ɗaga hannu yana addu'a, suka ja baya suka sunkuyar da kai.

Da yamma na je gaida matarsa, Yaya Ramatu. Tana zaune a kan tabarma a falo, mata kewaye da ita. Ta ce, "Sani, ya samu jama'a?" Da na ce e, da ban yi ƙarya ba, kuma na so in tsaya a nan. Amma ta ƙura mini ido, sai na gaya mata komai, har maganar katafila. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ka kira mini su ranar sadaka."

An ɗage sadakar zuwa Lahadi don kowa ya samu zuwa, kuma kowa ya zo. Manyan riguna, turare, gida ya cika har matakala. Masu babura suka tsaya a waje suna jin nauyin shigowa. Yaya Ramatu ta aiko daga ciki cewa a tashi a ba su falo. Aka tashi. Ta sa aka fara zuba musu shinkafa da wake irin na Zango, ta ce kada a miƙa wa kowa komai sai sun ƙoshi. Muna tsaye a matakala, alhazai da malamai da direbobi, mun riga mun wanke hannu, muna jin ƙarar cokulansu.

Allah Ya jiƙan Malam Yakubu, Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa taimakon da ya yi wa bayin Allah ya tarye shi. Allah Ya ba Yaya Ramatu da 'ya'yansa haƙuri, Ya zama gatansu a ƙasar nan. Waɗanda suka ɗauki shebur, Allah Ya tsare su a kan hanya, Ya biya musu buƙatar da suka yi ta nema tare da shi. Mu kuma Allah Ya yafe mana, idan tamu ta zo Ya sa mu cika da imani, kuma kada Ya saka mana da irin rakiyar da muka yi masa. Amin.