Gidan da Ba a Binne Ƙafarsa Ba

A Mpape na tashi, a wani gida mai ɗaki biyu da Baba ya manna a gefen tudu, rami na ƙasansa. Aikin fasa dutse yake yi. Duk sa'ad da aka tayar da nakiya a kwari, wurin fasa dutsen, sai kwanukanmu su yi ta kaɗawa, bangon ɗakin da nake kwana da ƙanena Bala kuwa ya tsage har ina iya zura yatsa a ciki.

Kaka, mahaifiyar Baba, ba ta yarda da gidan ba tun ranar da ta zo daga ƙauye. A rumfar kwano take kwana, kusa da murhu, kuma a nan take yi mana tatsuniya da zarar an sauke tuwo.

Wata yamma da damina, hadari na haɗuwa, ta gyara itace ta ce, "Ku matso, ga wata nan tafe, amma ba ta dariya ba ce."

Wai wani mutum ne mai gaggawa, ya ga haƙa harsashi ɓata lokaci ne, sai ya ɗora bulo a kan ƙasa kawai. Shi kuwa gida, in ji Kaka, ƙafa gare shi. In ba a binne ta ba, tafiya yake yi. Kullum mutanen gidan na barci, sai ya ja jiki kaɗan zuwa bakin rami. Da safe matarsa ta ga turmi ya yi nisa da ƙofa, mijin ya ce idonta ne. Wata rana ɗansu ya ji bango yana numfashi.

Bala ya ƙanƙame ni. Na ce, "Kaka, sai me ya faru?"

"Oho. Yana kan tafiya."

Ba ta rufe tatsuniyar ba, kuma ba mu take kallo ba, Baba take kallo.

Ya ajiye kwanonsa. "Haba Inna! Gidan da ko gobe masu rusau za su iya shafa wa jan fenti, shi zan binne wa siminti? Kowa a layin nan haka ya yi."

"Siminti kake ji. To ka kwana a ciki kai kaɗai, jikokina dai a'a."

Daga ranar muka koma rumfarta, sauro da yoyo da komai. Tsoro ya sa na ajiye dutse a gindin bangon, kullum da safe in je in duba ko gidan ya matsa. Maƙwabta har dariya suke mana.

Kafin ƙarshen damina, ana tsakiyar ruwa, bangon ya zube. Ya danne tabarmarmu da ke nan a shimfiɗe. Baba ya san muna rumfa, amma haka ya dinga tone ƙasar da hannu yana kiran sunayenmu, sai da Kaka ta kama Bala ta sa masa shi a ƙirji.

Yanzu kullum ina jin kalmar a rediyo: an aza harsashin asibiti, harsashin zaman lafiya, harsashin tarbiyya. Ni dai hannun Baba nake gani cikin laka. Bara na fara ɗan gini a Yangoji. Magini ya ce, "Madam, ramin nan ya isa haka." Na leƙa, na tuna ina da yara biyu, na ce ya ƙara haƙawa.