Silifas a Murhun Halimatu

Jimrau bai iya zama wuri ɗaya ba. Ko a rumfarsa ta kasuwar Dakoro, inda yake yanka tsohuwar taya yana ɗinka takalma, rabin aikin a tsaye yake yin sa. Ɗan dukawa ne, da fata ta yi tsada ya koma taya. Makiyaya har na Korahane sun san shi, don ƙaya ba ta huda takalminsa, kuma ƙafa ɗaya takan ga bayan silifas shida kafin ta nemi gyara. Shi da kansa ya ƙirga.

Abin da ya hana shi sakat shi ne tsinkakkun silifas da ke zube a kwata da bakin rijiya. Sai ya yi shela: duk wanda ya kawo su, gyaran takalminsa kyauta ne. Yana yanka su ƙanana, masu rufin kwano su sa ƙarƙashin ƙusa don kada ɗaki ya yi yoyo. Buhu huɗu ya tara, ya jibge a gida daf da madafa.

Da damina ta kankama, matarsa Halimatu ta kama tari. A gidan likita aka ce hayaƙi ne, in ba ta rabu da shi ba ƙirjin zai lalace. Jimrau ya zargi itace, ya zargi toka, ya rushe murhu ya sake gina shi ta gabas. Tarin sai gaba yake yi.

Wata safiya bayan ruwa ya dawo ɗaukar wuƙarsa, ya tarar da baƙin hayaƙi, Halimatu a durƙushe tana tura guntun silifa ƙarƙashin jiƙaƙƙen itace. Ya dubi buhunansa, ɗaya ya kusa ƙarewa.

"Ashe robata kike shaƙa?"

"Malam, kai ka kawo mini har bakin murhu," in ji ta tana haki. "Itace a jiƙe. Ko da ƙirgenka zan dafa tuwon?"

Ta ƙara da cewa duk unguwar haka ake hura wuta da damina, maƙwabta ma nan suke zuwa ɗiba.

Ranar bai buɗe rumfa ba. Ya ari amalanke ya kwashe buhunan zuwa kasuwa, ya dawo da fallen kwano uku da damin busasshen kara. Kafin la'asar ya kafa 'yar rumfar itace, kowace ƙusa da guntun silifa a ƙarƙashinta. Aka kwana ana ruwa, ko ɗigo bai taɓa karan ba.

Kafin a yanke gero tarin ya lafa. Jimrau kuwa ya riga ya shiga gidan maƙwabta da igiya, yana auna inda tasu rumfar za ta zauna.