Direban da Na Hana Magana

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara, ni ne shugaban direbobi a tashar Ƙaura Namoda. Na ware wa mata mota guda zuwa Shinkafi, na ce da hantsi za ta riƙa tashi. Wani dattijon direba ya miƙe ya ce, "Shugaba, ina da 'yar magana."

Na ce, "Baba, an riga an gama."

Ranar kasuwa motar ta tafi wayam. Ashe matan sammako suke yi, don su sami wurin baza kaya. Shi ya sani, domin ya daɗe yana ɗaukarsu. Da na neme shi, na tarar ya koma tashar Zurmi. Ya karɓe ni da fara'a, amma bai ƙara ba ni shawara ba.