Yadda Alu Fagada Ya Rage Gonarsa da Bakinsa

An haifi Alu a Fagada, ƙasar Jega, a zamanin da En'e ke karɓar haraji da jangali. Yana yaro ya sha ganin mahaifinsa yana kora shanu cikin daji duk ranar da aka ji masu ƙidaya sun taso. Gado biyu tsohon ya bar masa: fadama mai faɗi a bakin gulbi, da gargaɗin kada ya yarda ya faɗa wa mai alƙalami gaskiyar abin hannunsa. An daɗe da soke jangali, amma gargaɗin bai sake shi ba.

Albasa ce sana'arsa. Shekarun da fetur ke da arha, injinsa na ban ruwa ba ya hutawa, dillalan Aliero kuwa har gona suke biyo shi. Da aka janye tallafin mai, sai injin ya koma cin abin da gona ba ta iya mayarwa.

A wannan rani ne wata malamar jami'a, Dakta Naja'atu, ta zo garin. Tana binciken yadda janye tallafin ya taɓa manoman rani, da inda ya kamata gwamnati ta zuba kuɗin da ta ce ta yi tsiminsu. Aka shimfiɗa mata tabarma a zauren Alu.

"Baba, kadada nawa kake nomawa?"

"Ɗiyata, mi nika nomawa? Ɗan wuri ne, jaki ya kwanta ya rufe shi."

Matarsa Kubura, da ta kawo fura, ta ce daga bakin ƙofa, "Malam, ka ji tsoron Allah. Yarinyar ga ba ta yi kama da 'yan haraji ba."

"Ke Kubura, su ma da murmushi suka zo ma babana."

Dakta ta rantse ba haraji ya kawo ta ba. Alu ya yi mata godiya, ya ce rabin kadada. Ta rubuta rabin kadada.

Da shekara ta zagayo, wani shirin tallafi ya raba injunan ban ruwa masu aiki da hasken rana, ya dogara da wancan bincike. Masu manyan fadamu aka ba, don su ne mai ya fi karyawa. Alu bai samu ba, ya je Jega ya yi ta rantsuwa cewa fadamarsa ta fi rabin kadada nesa ba kusa ba, har muryarsa ta dishe. Wani ma'aikacin shirin ya ce, "Baba, mu ba mu rage maka gona ba."

Ya sayar da kashi ɗaya na fadamar ya sayi mai. Albasar ta zo daidai da faɗuwar farashi, rabinta ta ruɓe a rumbu. Sauran fadamar wani ɗan kasuwar Maiyama ya saye.

Yanzu Alu yana ɗinke bakin buhunan albasa a kasuwar Jega. Idan buhunan Fagada suka iso, yakan ce idonsa na ciwo, ya bar wa wani.