Injin da na sa aka nutsar a gurbi

Ban yi karatun boko ba, na allo ma ban yi nisa ba. Jikata ce ke rubuta wannan, ina faɗa tana sawa a takarda. Na ce mata in kuka ya zo mini ta ajiye alƙalamin ta jira ni.

Mijina mai fito ne a Katagum, kamar yadda ubansa ya yi. Malam nake kiransa. Kogin namu da rani rairayi ne fari, jaki ma tafiyarsa yake yi a kai, sai gurbi nan da can inda ruwa ya kwanta. Amma in damina ta yi nisa ruwa ya sauko daga kudu, babu mai hayewa sai ta hannun masu jirgi. Wata huɗu ne, wata shekarar biyar, a cikinsu mai fito yake neman abincin shekara. Malam ya daɗe yana tura jirgi da sanda har ƙirjinsa ya fara ba shi wahala. In ya kai tsakiyar kogi sai numfashi ya sarƙe masa, ya dogara da sandar yana tari, mata masu tallan nono suna salati a cikin jirgin.

Shekaru kaɗan kafin Turawa su tafi, wani Kwara, wato ɗan Labanan, mai sayen gyaɗa a Azare zai bar garin. Yana da ɗan inji da ake ɗaurawa a bayan jirgi, da shi yake zuwa harbin agwagwar ruwa. Malam ya sayar da shanunsa biyu ya karɓo shi. Abokan aikinsa suka yi ta yi masa dariya, wai ya gaji da zama mai fito yana son zama direba. Bai kula su ba. Damina biyu ya yi da injin nan, yana zaune a bayan jirgi, hannu ɗaya a kan mariƙin, tarin ma ya ragu. A shekarun nan biyu na ga ya yi ƙiba.

Ba ya barin kowa ya taɓa shi. Da ruwa ya janye a shekarar farko, da kansa ya kwance shi, ya goge, ya naɗe a buhu ya rataye a ɗakinsa. Ina gani, amma ban taɓa tambayarsa dalili ba. A zatona tsoron ɓarayi ne.

A ƙarshen damina ta biyu ciwon ya kwantar da shi gaba ɗaya, 'yan'uwansa suka kai shi asibiti a Azare, ya daɗe a can. Ni na zauna da 'ya'yanmu mata uku. Lokacin ajiye jirgi ya zo. Mu al'adarmu, ba a barin jirgi a tudu da rani, rana za ta tsattsage itacen. Gurbi mai zurfi ake kai shi, a loda masa buhunan rairayi ya nutse, ya zauna a ƙasan ruwa har damina ta dawo.

Ƙanen Malam, wanda ke taimaka masa a jirgin, ya zo ya same ni ina tankaɗe. Akwai wasa tsakaninmu, matarmu yake kirana. Ya ce ya yi ya yi ya kwance injin ya gagara, bai san inda Malam ya ɓoye ƙarfen da ake kwancewa da shi ba, kuma yana tsoron ya karya wani abu.

Na ce, “Kai da ka girma a bakin kogi kake tambayata? Abin ruwa ai a ruwa yake jin daɗi.”

Ya ce, “Matarmu, wannan fa ƙarfe ne.”

Na ce ƙarfen da yake wuni da ƙafarsa a ruwa wata huɗu bai yi komai ba. Ubana masunci ne, na tashi na ga duk abin da ke aiki a kogi bushewa ce ke kashe shi. Kuma a ƙasan gurbi babu ɓarawon da zai gan shi. Na ce su nutsar da su tare. Ya tafi ya yi yadda na ce.

Da Malam ya dawo gida ya rame, amma yana tafiya da ƙafarsa. Ya duba ɗakinsa bai ga buhun ba, na ce masa ƙanensa ya adana injin. Ban yi ƙarya da niyya ba, har ga Allah a lokacin ina ganin adanawa ce. Shi kuma jikinsa bai bar shi ya bi diddigi ba. Sai da hadari ya fara haɗuwa, aka je fito da jirgi, ya bi su gurbin.

Ban je ba. Da hantsi suka shigo gida, mutum biyu na ɗauke da injin, ruwa mai jan tsatsa yana tsiyaya daga cikinsa. Malam ya ja igiyar tayarwa, ko motsi ba ta yi ba. Ya juya kan ƙanensa ya fara faɗa, faɗan da ban taɓa jin ya yi ba, har tari ya tsayar da shi. Ƙanen nasa ya sunkuyar da kai, bai ambaci sunana ba. Ina tsaye a ƙofar madafa da muciya a hannu. Da kowa ya watse na je na durƙusa na ce ni ce na sa.

Ya daɗe yana kallon injin. Sannan ya ce, “Kin yi masa abin da ake yi wa jirgi.” Bai ƙara ba, bai kuma sake tayar da maganar ba har ya bar duniya. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ni na ce zan kai shi Azare da kaina, tunda Malam ba zai iya tafiyar ba. Muka ɗora shi a kan takarkari, ni da ƙanensa, muka yada zango a Sakwa. A Azare, kusa da tashar mota, akwai wani bakanike dattijo mai gyaran motocin ɗaukar gyaɗa. Ya buɗe injin a kan tabarma, ya leƙa, ya ɗago ya dube ni.

Ya ce, “Inna, jiƙa shi kuka yi kamar tsamiya?”

Masu zama a wurin suka yi dariya. Ni ma na yi, hawaye na zuba.

Mutumin nan bai ɓoye mini komai ba. Ya nuna mini ƙarfen da ke hawa da sauka a ciki, ya manne da bangonsa, tsatsa ta cinye. Ya ce zai iya farfaɗo da shi, amma sai an aika Ikko, wato Legas, an kawo kayan ciki ta jirgin ƙasa zuwa Kano, sannan mota ta kawo. Wataƙila wata ɗaya, wataƙila uku, kuma ba zai rantse mini ba. Wani direba da ke wurin ya ce ya ga irinsa sabo a wani kanti a Kano, in da hali cikin mako guda zai kawo mana. Da ya faɗi abin da ake sayar da shi na san babu abin da muke da shi da zai kai, sai fadamar da ubana ya bar mini, inda muke shuka alkama da albasa da rani.

Muka bar injin a wurin bakaniken muka koma gida don a yi shawara. Ƙanen Malam tun a hanya yake cewa a sayar da fadamar. Ya ce ruwa ba zai jira mu ba, yayansa kuma ba zai ƙara iya riƙe sanda ba, in babu inji to an raba shi da kogi ke nan. Na san gaskiya ya faɗa. Malam kuwa cewa ya yi, “Fadamar taki ce. Ba zan ce ki sayar ba, ba zan ce kada ki sayar ba.”

Kwana uku ina juya abin. Na tuna 'ya'yana mata, na tuna cewa sabon ma ƙarfe ne, zai iya mutuwa, ƙasa kuwa tana nan. Waɗannan su ne dalilan da na faɗa wa mutane, kuma ba ƙarya ba ne. Amma akwai wanda ban faɗa ba. Ina son wanda na kashe ɗin nan shi ya tashi. In aka sayo sabo, tsohon zai zauna a jefe a bayan ɗaki, kullum in gan shi in san ni ce. Bakaniken ya ce wata ɗaya ko uku, ni kuwa kunnena ɗayan kawai ya riƙe. Na aika aka ce masa ya gyara.

Ruwa ya sauko a kan lokacinsa. Ƙanen Malam ya ɗauki jirgin yana turawa da sanda. Malam kullum da safe sai ya sa rigarsa ya tafi bakin mashigi ya zauna a gindin wata tsamiya, yana kallon masu hayewa. Mutane suna gaishe shi, masu wasa da shi suna tambayarsa ina motar direba. Yana dariya. In ya dawo gida sai ya tambaye ni ko an aiko daga Azare. Wata rana ya karɓi sandar ya ce zai gwada, ko rabin kogi bai kai ba aka kwantar da shi a cikin jirgin aka dawo da shi. Daga ranar bai ƙara shiga ba.

Wata ɗaya ya wuce. A na biyu kaya suka iso, ba su yi daidai da injin ba, aka mayar. A lokacin na ce a nemi mai sayen fadamar, amma ruwa ya rufe ta, ba mai sayen ƙasar da bai gani ba, hanyar Kano kuma ta lalace, motoci sun tsaya. Ina kallo ruwan kogin ya cika, ya tsaya, ya fara ja da baya, Malam kuma yana gindin tsamiya.

Sai bayan an gama girbi bakaniken ya kawo injin da kansa. Kogi ya riga ya yanke, ya koma gurbi-gurbi. Ya sa aka kawo durom aka cika da ruwan rijiya a tsakar gidanmu, ya ɗaura injin a bakinsa, ya ja igiya. A ja na uku ya tashi. Ruwa ya yi ta fantsama, kaji suka watse, maƙwabta suka cika ƙofa. Aka kawo wa Malam turmi aka kifa ya zauna, ya ɗora hannunsa a kan mariƙin, jijjigar tana kaɗa masa kafaɗa. Ya ɗan murɗa, ya saki, ya ƙara murɗawa, yana sauraro da kai a karkace. Ya ce wa bakaniken, “Ka iya aikinka. Muryarsa ta fi ta da daɗi.” Ya zauna a haka har man da ke ciki ya ƙare. Da yamma ya goge shi da kansa, ya naɗe a buhu, ya sa aka rataye masa.

Da zafin bazara ya rasu, ranar wata Laraba bayan azahar, hadarin farko bai ma haɗu ba. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ni ma ya yafe mini.

Ina cikin takaba ruwa ya sauko. Ban fita ba, ban ga kogin ba a shekarar sai da ya kusa janyewa. Ƙanensa ya shigo ya durƙusa daga nesa, ya tambaye ni ko ya sauke buhun. Bai kira ni matarmu ba, Yaya ya ce. Na ce ya sauke. Gidanmu ba nisa da mashigi, washegari da safe ina zaune a kan tabarma na ji injin ya tashi. Injin bai ba su matsala ba ko sau ɗaya a daminar nan, daga safe har la'asar yana kai mutane yana dawowa, ina ji daga cikin ɗaki.